Rijiyar da Na'ura Ta Hana Ta Ƙafe

Shekarar da damina ta sake yi mana rowa, ina aiki a biro, wato ofishin kula da rijiyoyi na Damagaram, kuma duk ginin ni kaɗai aka yarje wa taɓa na'urar. Ordinatar muke ce mata. Wani Bature ne ya kawo ta tare da furojensu, wato shirin aikin da suka zo yi, ya zaunar da ita a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, ya rubuta mata furogiram na ajiye bayanan rijiyoyin jiharmu, sannan wa'adinsa ya cika ya koma ƙasarsu. Ni da fari sakatariya ce, mai buga takardu a injin hannu. Saboda saurin yatsuna aka tura ni sitaj, wato horo, a Yamai, na koyi yaren da ake yi wa na'urar magana da shi, na dawo da takardar shaida da kuma girman kai daidai gwargwado.

Gidanmu a Birni yake, cikin dukawa. Babana wasaki yake ɗinkawa, gugan fata na jan ruwa, sana'ar da ya gada. A shekarar fata ta yi arha kamar banza saboda shanu suna ta zubewa a daji, amma mai sayen wasaki ya yi wuyar gani. Wa zai sayi guga ya kai wa rijiyar da ba ta da abin ba shi? Inna kan ajiye tulunanta a layin fanfo tun kafin rana ta fito, wata rana a samu, wata rana a dawo da su yadda aka kai su. Ruwan da aka wanke gero da shi, da shi ake ɗauraye kwanoni, abin da ya rage a ba akuya. Daga wannan gida nake fitowa kullum in je in zauna gaban allon da ke nuna mini rijiyoyin jiha kowacce da ruwanta.

Yaren nan yana da wata ɗabi'a, kuma a kanta rigimar duka ta tashi. Kafin na'ura ta ajiye maka komai, sai ka gaya mata ko wane iri ne, lamba ce, ko kalma, ko kwanan wata. Bayan ire-iren da ta zo da su, ta ba mai rubutu dama ya ƙirƙiri nasa nau'in, ya raɗa masa suna, ya yi masa iyaka. Da zarar ya yi, ta riƙe maganar kamar rantsuwa. Duk abin da bai dace da nau'in ba, ba ya shiga. A sitaj malaminmu ya yabi wannan hali ƙwarai, ya ce shi ke hana mutum zuba kalanzir a tulun ruwan sha. Na yarda da shi, har yau ma ban ce ƙarya ya yi ba.

Baturen ya ƙirƙiri nau'o'i da yawa, amma biyu ne suka zame mini ƙaya. Na farko tsayin ruwan da ke kwance a gindin rijiya, a santimita. Ya ce lamba ce da ta fara daga ɗaya ta yi sama. Na biyu halin da rijiyar take ciki, kuma kalmomi uku kawai ya yarje: tana aiki, ana gyara, an bar ta. Ya zo ƙasarmu a shekarun da aka ɗan samu sauƙi, ya zagaya ƙauyuka ya ga kowace rijiya da danshi, bai kawo a ransa cewa wata rana za a zura igiya ta fito a bushe ba.

Wata safiya a farkon rani masu awonmu suka dawo daga wajen Gaffati, suka ajiye mini takardunsu. Na yi ta bugawa har hantsi ya ɗaga, sai na iso wata rijiya da suka rubuta wa sifiri. Na buga sifiri. Allon ya tsaya cik, ya fito da layi ɗaya da Faransanci wai lambar ta fita daga iyaka, furogiram ɗin ya rufe kansa. Duk abin da na shigar tun safe ya tafi, don ba ya adanawa sai an kai ƙarshe. Na sake daga farko, ina zaton yatsana ne ya zame. Ta maimaita mini a daidai wurin.

Na buɗe rubutun Baturen na bi shi layi layi ina neman mafita. In ka ce an bar ta, ba ta tambayarka ruwa, amma sai ta cire rijiyar daga rapor, wato rahoton da ake aikawa Yamai duk wata, tunda a wurinta rijiyar da aka bari ba ta da masu sha. Da wannan rapor ɗin kuwa ake duba inda za a tura motar sitarni ta kai ruwa, da inda za a ƙara haƙa. In ka ce ana gyara, sai ka ba ta ranar da za a gama gyaran. In ka ce tana aiki, sai ka ba ta ruwa ko da ɗaya ne. Hanya uku, kowacce ƙarya.

Na ɗauki takardar na shiga wurin darektanmu. Dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, mai sanyin hali, wanda ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce ya koyi yadda ake bi ta cikin ruwa ba a jiƙe ba. Lokacin soja ne kuma, mai kai mugun labari sama yakan fara duba bayansa.

Na ce, "Mushe Darekta, na'ura ta ƙi karɓar sifiri."

Ya ce, "Me take karɓa?"

"Daga ɗaya."

"To ki sa ɗaya mana, ƴata. Santimita ɗaya da babu ai tafiyarsu ɗaya. Ko kaza ba ta ƙoshi da shi."

"A wurin kaza haka ne. A rapor ba haka ba ne. In na sa ɗaya, rijiyar za ta fito cikin masu aiki."

Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Wanda ya rubuta abin nan ya fi ni da ke saninsa. Namu mu cika mu aika. Ki sa ɗaya."

Na ce to, na fita. Ban sa ba. Na ware takardar na ajiye a gefen tebur, na ɗora mata dutse. Kafin wata ya ƙare, dutsen ya tashi sama, don masu awo sun kawo irinta daga Takieta, sun kawo daga Tirmini, kowace fita sai an samu ƙari. Rapor ɗin watan ya tafi babu su, kuma ba wanda ya tambaya.

Cikin takardun Tirmini na ga sunan ƙauyen da gwaggona take aure, ƙanwar babana. Na san rijiyar. Ina yarinya na sha leƙa ta in yi kira in ji muryata ta dawo, gwaggo na janye ni da ɗankwali. Sai na roƙi masu awo su ba ni wuri a mota ranar da za su koma can.

Mun isa da rana tsaka. Bakin rijiyar fayau, babu jaki, babu tulu, babu ko taɓon nan da ke kewaye kowace rijiya mai rai. Itatuwan da aka gicciya a bakinta suna nan da zanen da igiyoyi suka ci a jikinsu. Babban mai awo ya zura igiyarsa mai ƙarfe a baki, muka ji ƙarfen ya bugi ƙasa da wani sauti busasshe. Ya jawo, ya shafa da yatsa, ya nuna mini. Ƙura ce.

Gwaggo ba ta gida. Aka ce mata duk suna can cikin tsohon tabki, inda suke tona ramuka a yashi su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Na same ta a durƙushe bakin rami da ƙoƙo a hannu, tana kwalfar wani abu ja kamar ruwan jan ƙasa tana zubawa a tulu ta cikin tsumma. Ta rame har na ga ƙasusuwan wuyanta. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Birni ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar kowa ba. Sannan ta ce, "An ce aikin ruwa kike yi yanzu."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

"To me kuka rubuta a kanmu?"

Na gaya mata gaskiya. Na ce injin da nake aiki da shi bai yarda rijiya tana ƙafewa ba, kuma an ce in rubuta akwai ɗan kaɗan.

Ta dube ni, ta dubi ƙoƙon. Ba ta yi fushi ba, dariya ma ta ɗan yi. Ta ce, "Ki ce wa injin naku ya zo ya sha. In ya ƙoshi ya rage mana."

Ta matsa sai na sha daga tulunta kafin in tafi, don baƙo ba ya barin wuri da ƙishi. Na kurɓa. Yashi ya zauna mini a haƙora har muka shigo gari.

Washegari na nemi izinin tarho na kira Yamai. Wanda Baturen ya bar wa amanar furogiram ɗin wani injiniya ne matashi da ya yi karatu a waje, kuma ba zan zalunce shi ba, ya san aikinsa. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce iyakar nan ba a banza aka sa ta ba. Akwai wurin da furogiram ke raba yawan mutanen gari da tsayin ruwansu don ya gane inda aka fi matsuwa, kuma ba a raba lamba da sifiri, lissafin mutuwa yake yi. Ya ƙara da cewa jihohi duka iri ɗaya suke aiko musu, in na canza nawa, nasu ba zai iya karantawa ba.

Na ce, "To a gyara lissafin, Mushe. Garin da ya fi kowa matsuwa shi ne wanda lissafin ya kasa ɗauka."

Ya ce, "Ana nazarin abin. Madamazel, ke aikinki shigarwa ne. Kada ki taɓa nau'o'in."

Na ajiye tarho, na koma ɗakin na'ura, na buɗe nau'o'in.

A lokacin biro yakan tashi da azahar kowa ya tafi gida hutun rana, a dawo da la'asar sakaliya. Ni sai in ci ɗan abin da na ƙunso, in yi sallah a ɗakin, in zauna. Mayar da ɗaya ta koma sifiri bai ɗauke ni ƙiftawar ido ba. Na ƙara kalma ta huɗu a halin rijiya: ta ƙafe. Na ƙara wani gurbi na rubuta watan da ta ƙafe. Na ji daɗi, na ce ashe abin ma ba wuya. Sai na miƙa rubutun ga mai tantancewa, wato ɓangaren na'urar da ke duba furogiram kafin ya yarda ya yi aiki.

Nan na san na taro wa kaina aiki. Mai tantancewar nan kuskure ɗaya yake nuna maka ya tsaya. Ka gyara, ka sake miƙawa, ka jira yana ta gurnani da diskat, faifan da ake adana bayanai a kai, sai ya nuna maka na gaba. Ba ya taɓa gaya maka nawa suka rage. Kuma kusan kullum maganarsa ɗaya ce: nau'i bai dace ba. Baturen ya yi wa rijiyar hannu nau'inta, ya yi wa foraj, wato rijiyar burtsatse, nata, su biyun kamar tagwaye, komai nasu iri ɗaya in ban da suna. Da na taɓa ɗaya, duk inda suke haɗuwa ya tsage. Na yi ta ɗinki, ina toshe nan can na ɓallewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin bayanai. Shekaru na awon rijiyoyi suna kan diskat a tsohon nau'i, dole in kwashe su zuwa sabo. Na rubuta mata a fili: ɗauki tsohuwar rijiya ki zuba a sabuwa. Ta ce nau'i bai dace ba. Sunan gari ɗaya, zurfi ɗaya, yawan mutane ɗaya, rijiyar nan dai ita ce, amma tunda na kira wannan tsohuwa na kira waccan sabuwa, a wurinta ba su haɗa ko kaka ba. Sai da na bi gurbi gurbi, ina ce mata ɗauki suna ki kai, dawo ɗauki zurfi ki kai, kamar mai kwashe rumbu da ludayi. Ana cikin haka a ɗauke wuta, allo ya mutu, in zauna cikin zafi ina kallon fuskata a baƙin gilashi. Na zagi na'urar nan zagin da ban taɓa yi wa mai rai ba. Wata rana na ce mata, "Ke da ba ki taɓa jin ƙishi ba, ke za ki gaya mini abin da ya dace?" Ta amsa da layinta na kullum.

Ranar da mai tantancewa ya yi shiru ya bar furogiram ya wuce, na ɗaga hannu na gode wa Allah. Na sa ta nuna mini rijiyoyin da suka ƙafe. Sai ga sunaye sun zubo, cikinsu har da wata rijiya a bayan gari da na wuce ta a makon ana ɗora mata sabon siminti, ruwa har yana sheƙi a ciki. Ban shigar da ko ɗaya daga takardun ƙarƙashin dutse ba tukuna, to daga ina waɗannan suka fito?

Sai da na kwana biyu ina juya abin kafin in gane. Na'urar ba kalmomin take ajiyewa ba, matsayinsu a jeri take ajiyewa: na farko, na biyu, na uku. Ni kuwa na saka "ta ƙafe" a wuri na biyu, kusa da "tana aiki", don nan na ga ya dace da ita. Saboda haka duk rijiyar da a da ake gyara ta koma ƙafaffiya, duk wadda aka bari ta koma ana gyara. Mai tantancewar da ya hana ni sakat a kan bambancin suna, wannan bai ce masa uffan ba. Ya tsare ƙofa yana binciken kayan kowa, ɓarawo ya shiga ta katanga yana kallo. Allah ya taimake ni ban taɓa diskat na asali ba, a kan kwafi nake aiki. Na mayar da kalmar ƙarshen jeri, na sake kwashewa daga farko.

Lissafin rabawar da injiniya ya tsorata ni da shi, layi biyu ya ci. Na ce mata in ruwa sifiri ne kada ta raba komai, ta ɗauki garin ta kai shi saman jeri. Sannan na ɗage dutsen, na shigar da takardun nan duka. Da na iso ƙauyen gwaggo na buga sifiri a hankali, da yatsa ɗaya, na jira. Ta karɓa ta wuce kamar ba ita ba.

Injin buga rapor ɗinmu yana da ƙara kamar ana yaga atamfa. Ƙarar ce ta jawo darekta, wanda ya dawo da wuri ranar. Ya tsaya a kaina yana kallon takarda na fitowa, shafin farko sifiri daga sama har ƙasa. Ya karanta a tsaye.

Ya ce, "An ce kada ki taɓa."

Na ce, "An ce, Mushe Darekta."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Ban sani ba. Amma ɗaya dai ba zan sa ba. In kuna so a sa, ga kujera, wani ya zauna ya sa."

Ya ɗora yatsa a kan wani suna a tsakiyar shafin, wani ƙauye a ƙasar Takieta. Ya ce, "Nan aka binne cibiyata. Kina zaton ban san abin da ake ciki ba? Yayata da jikokinta suna gidana tun watan jiya." Sannan ya ninke takardar ya miƙo mini. "Jakar wasiƙun Yamai gobe take tafiya. Ni ban shigo ɗakin nan yau ba."

Na sa diskat da takardar a jaka da hannuna.

Abin da injiniya ya faɗa shi ya faru. Na'urarsu ta Yamai ta kasa karanta diskat ɗina, ta tsaya, ta tsayar musu da rapor na ƙasa baki ɗaya. Ba a yi mako ba sai ga shi a Damagaram, ya sha doguwar hanya, rigarsa ta yi ja, idonsa ma haka. A gaban darekta ya tsare ni. Ya ce na karya tsarin da aka kashe dukiya aka gina, na sa an kira shi gaban manya an ci masa mutunci a kan laifin da ba nasa ba. Ya ce in kowace jiha ta ƙirƙiri nata nau'in, gobe ba mai fahimtar wani. A wannan yana da gaskiya, kuma na gaya masa yana da ita.

Na ce, "Amma ga mota a waje, Mushe. Tirmini ba nisa. Mu je ka zura igiya da hannunka. In ka samo santimita ɗaya, ni zan buga ta in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Ya ce bai zo yawon ƙauye ba. Ya ce ba wanda ya musa fari, kowa ya san ana fari, maganar tsari ake yi. Ya zauna a kujerata, ya goge furogiram ɗina, ya mayar da na Baturen daga diskat ɗin da ya zo da shi. Sannan ya ɗauki takardun masu awo ya shigar da kansa. Ina tsaye a bayansa ina kallo, duk inda ya ga sifiri sai ya buga ɗaya. Hannunsa ya ɗan tsaya a na farko. Daga nan bai ƙara tsayawa ba.

Aka ba ni takardar gargaɗi, aka karɓe makullin ɗakin, aka mayar da ni kan injin buga takardu a baranda. Wani akawu aka ɗora a kan na'urar, bawan Allah mai tsoron ta, wanda aka koya wa abu ɗaya: in ka ga sifiri, sa ɗaya. Babana da ya ji labari ya ce, "Ke dai da taurin kai aka haife ki." Inna ta ce, "A ina ta samo?"

Sun manta abu ɗaya. Kowane rapor yana tafiya da wasiƙar rakiya, kuma sakatariya ce ke buga ta. Injin hannu ba shi da mai tantancewa, abin da ka danna shi yake bugawa. Sai na riƙa karɓar takardun masu awo kafin su kai ɗakin na'ura, in kwafe sunayen rijiyoyin da suka ƙafe, in buga su a ƙasan wasiƙar, kowanne da sifirinsa. Karon farko na kai wa darekta ina jiran faɗa. Ya karanta har ƙasa, ya ɗauki bik ya sa hannu, ya buga tambari, ya ce in rufe masa ƙofa in zan fita. Haka muka yi ta yi wata bayan wata, ba mu taɓa yin maganar ba.

Motocin sitarni sun je wasu ƙauyukan daga baya. Ban sani ba ko wasiƙuna ne suka kai su, ko kukan hakimai, ko idon wani babba da ya bi hanyar ya gani. Ba zan ci bashin yabon da ban tabbatar nawa ne ba. Ƙauyen gwaggo dai kafin mota ta je ya watse. Ƴaƴanta maza sun bi fataken Kano da ke zuwa kasuwarmu, suka tafi neman abin yi, ita da mijinta da ƙananan yara suka sauka gidanmu a Birni. Muka ƙara mutane a kan tulunan da ba sa isar mu. Ba ta sake tambayata me muka rubuta a kansu ba, ni ma ban tayar da zancen ba.

Can wajen ƙarshen rani sai ga sabon diskat daga Yamai, da takarda wai an inganta furogiram. Akawun ya ji tsoron saka shi, darekta ya aiko a kira ni, ya miƙo mini makulli ba tare da ya ɗago kai ba. Na buɗe nau'o'in kafin komai. Tsayin ruwa ya fara daga sifiri. Halin rijiya ya zama huɗu, na huɗun a ƙarshen jeri. Babu sunana a ko'ina, kuma ban sa rai ba. Na tambayi darekta ko za a cire takardar gargaɗin daga dosiyena, wato fayil ɗin aikina, tunda abin da aka hukunta ni a kai ya zama doka. Ya ce takarda in ta shiga ba ta fita. Na ce to a bar ta, amma a ba ni kwafi in ajiye.

Damina ta zo a makare, amma ta zo da ƙarfi. Ruwan farko ya wanke daji, ya kwaso mushen dabbobin da suka mutu a kusa da rijiyoyi suna neman sha, ya zuba a wasu daga cikinsu. Gwaggo ta ɗaure kayanta ta koma gida shuka, sai ga saƙo ta aiko da masu awo: rijiya ta kawo ruwa har ana ganinsa daga sama, amma wari ba ya bari a matsa kusa, kuma yaran da suka sha sun kwanta da gudawa. A takardar, masu awo sun rubuta tsayin ruwan, lamba mai kyau, a gefe kuma suka ƙara da bik: ba ya shayuwa.

Na duba kalmomi huɗun da ke gabana. Ba ta ƙafe ba, ba a bar ta ba, ba a gyara, kuma ba zan ce tana aiki ba. Na jira aka tashi hutun rana. Na yi kwafin diskat, na ƙara kalma ta biyar a ƙarshen jeri, na rubuta wani ɗan furogiram da zai fitar wa Yamai nasu a tsarin da na'urarsu ke iya karantawa, rijiyoyin da suka gurɓata kuma ya jera su a shafi na dabam da za a liƙa a saman rapor. Mai tantancewa ya ce nau'i bai dace ba. Na gyara zama, na jawo kujera kusa, na fara bin layukan. Ban kira Yamai ba.